Yadda Ake Tattara da Rubuta Tarihin Malamin Jami'a Baƙar Fata a Amurka

Idan malamin jami'a ya rasu a Amurka, sashensa kan fitar da sanarwa mai sakin layi biyu ko uku: inda ya yi karatu, shekarar da ya kama aiki, muƙaminsa na ƙarshe. Ga malaman da suka yi rayuwarsu a manyan jami'o'in fararen fata, wannan sanarwa mafari ce kawai, domin akwai littattafansu da takardunsu a jere. Ga yawancin malamai baƙaƙen fata, musamman waɗanda suka koyar a zamanin wariyar launin fata, sau da yawa daga ita babu ƙari. Sun ɗauki kwas huɗu ko biyar a zango, ba kuɗin bincike, ɗakunan karatu da yawa na jihohin kudu ba sa barin su shiga. Aikinsu yana cikin ɗaliban da suka yaye da kuma takardun da suka warwatse. Mai son rubuta tarihin irin wannan malami dole ya san inda zai tono, da abin da zai fara, da kuma ramukan da ake faɗawa.

A fara da masu rai

Takarda tana jira, tsoho ba ya jira. Ɗalibin da ya zauna a ajin malami a 1960 ya haura shekara tamanin yanzu. Saboda haka kafin ka taka ƙofar kowace ma'adanar tarihi, rubuta sunayen mutum goma zuwa goma sha biyar da suka san marigayin: iyali biyu ko uku, abokan aiki, sakatariyar sashe idan tana raye, da ɗalibai daga zamani daban-daban. Sakatariya ta fi kowa sanin wanda malamin ya biya wa kuɗin makaranta daga aljihunsa da kuma rigimar da aka yi kafin a ba shi ƙarin girma. Hanyar samun ɗalibai ita ce ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta kwalejin, da cocin da malamin yake zuwa, da ƙungiyoyin zumunta na ɗalibai irin su Alpha Phi Alpha da Delta Sigma Theta, waɗanda membobinsu ke riƙe da juna har tsufa.

Kowace hira kada ta wuce minti sittin zuwa casa'in. Bayan haka dattijo ya gaji, ya fara maimaita abin da ya riga ya faɗa. Gara zama biyu gajeru da zama ɗaya dogo, kuma a zama na biyu ne ake samun abin da aka ɓoye a na farko. A naɗi murya a tsarin WAV, ba MP3 ba, domin MP3 yana zubar da wani ɓangare na sautin don ya rage nauyi. Ma'aunin da ma'adanai suka fi so shi ne 96 kHz da bit 24, wanda ke cin kusan gigabayit biyu a awa idan makirufo biyu ne. A kashe fanka da talabijin, a ajiye na'urar a kan tawul kada ta ɗauki karar tebur. Da zarar an kunna, mai tambaya ya faɗi kwanan wata, wuri, sunansa da sunan wanda yake hira da shi.

Tambaya ita ce rabin aikin. Wanda ya ce “wane irin mutum ne shi?” zai sami “mutumin kirki ne, mai tsanani amma mai adalci”, kuma kowa haka zai ce. Tambayi abin da ido ya gani: ranar farko a ajinsa me ya faru? Da wane launin biro yake gyara takarda, me yake rubutawa a gefe? Wa ya rubuta maka takardar shaida lokacin da ka nemi karatun digiri na biyu, kuma wa ya kira a waya? Idan mai ba da labari ya yi shiru, kada ka cike masa shirun.

Kafin a tashi, a sa hannu a takardar izini da ta bayyana cewa an yarda a ajiye hirar, a yi amfani da ita, da kuma ko akwai ɓangaren da za a rufe na wasu shekaru. Wannan ita ce takardar da aka fi mantawa, kuma rashinta ne ke sa ma'adana ta ƙi karɓar faifai, komai darajarsa. Rubuta hirar awa ɗaya kalma da kalma yana cin awa huɗu zuwa shida, a sa wannan a lissafi tun farko. A leƙa kuma taskar HistoryMakers, wadda aka kafa a Chicago a 1999, ta naɗi hirar bidiyo da dubban fitattun baƙaƙen fata, malamai da yawa a cikinsu. Mai yiwuwa marigayin ya riga ya ba da labarinsa da bakinsa.

Ƙashin bayan tarihin: jadawalin shekaru

Buɗe takarda mai layi huɗu: shekara, abin da ya faru, inda aka samo, da ko an tabbatar. Ba a shigar da komai cikin rubutun ƙarshe sai an gan shi a wuri biyu da ba su kwafi juna ba.

Abu na farko da iyali za su miƙo shi ne ɗan littafin jana'iza. A al'adar cocin baƙaƙen fata na Amurka ana buga shi da hoto, da tarihin mamaci, da sunayen dangin da ya bari. Taska ce wajen sanin zuri'a, sunan uwa kafin aure, garin haihuwa da coci. Amma an rubuta shi cikin kwana biyu ko uku, cikin kuka, daga abin da aka tuna, don haka shekarun digiri da sunayen muƙamai kan zo a karkace. A ɗauke shi a matsayin mai nuna hanya.

Abin da ke gyara shi shi ne katalog na kwaleji, wato littafin da kowace makaranta ke fitarwa shekara-shekara da jerin malamai, digirinsu, inda suka samo shi, da muƙaminsu. A bi shi shekara bayan shekara, kada a tsallake. Shekarar da sunan ya fara bayyana, shekarar da aka rubuta “yana hutun karatu”, shekarar da muƙami ya canza, shekarar da sunan ya ɓace: nan ne tarihin aikin yake. Sai dai a lura katalog yakan makara da shekara guda, domin ana buga shi kafin zango ya fara.

Ranar haihuwa tana ba da wahala fiye da yadda ake zato. Jihohin kudu sun makara wajen rajistar haihuwa: Carolina ta Kudu ta fara a 1915, Georgia a 1919, kuma ko bayan haka ungozomomin karkara ba kullum suke kai rahoto ba. George Washington Carver, masanin kimiyyar noma na makarantar Tuskegee, da duk shahararsa, bai san ranar haihuwarsa ba, domin an haife shi cikin bauta wajen 1864. A irin wannan hali a koma ga ƙidayar jama'a. Amurka tana buɗe takardun ƙidaya bayan shekara 72, ta 1950 ta fito a Afrilun 2022. Ta 1870 ita ce ta farko da ta rubuta sunayen waɗanda aka 'yanta daga bauta, domin a 1850 da 1860 babu suna, shekaru da jinsi da launin fata ake rubutawa a ƙarƙashin sunan ubangida. Ta 1890 kuwa gobara ta cinye yawancinta a 1921, kada a ɓata lokaci nemanta. Idan majiyoyi biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun, a faɗi wadda aka fi yarda da ita da dalili.

Digirin digirgir ana tabbatar da shi daga jami'ar da ta bayar, ta hanyar neman kundin binciken a katalog na ɗakin karatunta. Ga waɗanda suka samu kafin tsakiyar shekarun 1940 akwai littafin Harry Washington Greene na 1946 da ya jera baƙaƙen fata masu wannan digiri. Mujallar The Crisis, wadda W. E. B. Du Bois ya fara shiryawa a 1910, ta daɗe tana fitar da bugu na musamman kan ilimi kowace shekara da sunaye da hotunan waɗanda suka kammala. Dole kuma a rarrabe digirin karatu da na girmamawa. Ana kiran Booker T. Washington, shugaban Tuskegee na farko, “Dakta”, amma nasa na girmamawa ne daga Dartmouth a 1901. Faɗin hakan ba rage masa daraja ba ne, kuma rashin faɗinsa yana zubar da amincin dukan rubutun idan mai sani ya karanta.

Za ka ga malamai da yawa 'yan kudu da digirinsu na gaba daga jami'o'in arewa kamar Columbia, Chicago, Michigan ko Iowa. Ba son yawo ba ne. Jami'o'in jihohinsu a lokacin ba sa ɗaukar baƙar fata, wasu jihohin ma sun gwammace su biya kuɗin karatun ɗalibi a arewa da su buɗe masa ƙofa a gida. Mutum yakan koyar wata tara, ya hau jirgin ƙasa ya yi zangon bazara, ya dawo, har shekara goma ko fiye. Idan tazarar digiri na biyu da na uku ta yi tsawo, a bayyana wannan dalili, kada mai karatu ya ɗauka sanyin jiki ne.

Makarantun da suka canza suna

Nan ne mai bincike kan yi zaton malami ya bar aiki alhali yana ofishinsa. Jami'ar Atlanta da Kwalejin Clark sun haɗe a 1988 suka zama Clark Atlanta. Dillard da ke New Orleans ta fito ne daga haɗewar Kwalejin Straight da Jami'ar New Orleans a 1930. Kwalejin horar da malamai ta Miner a Washington, inda Euphemia Lofton Haynes ta koyar da lissafi, ta haɗe da ta Wilson a 1955, daga baya ta shiga cikin Jami'ar Gundumar Columbia. Hampton da Tuskegee sun daɗe ana kiransu cibiya kafin su zama jami'a a 1984 da 1985. Ƙa'idar rubutu: a yi amfani da sunan da makarantar ke ɗauke da shi a lokacin da malamin yake can, sannan a faɗi sunanta na yanzu sau ɗaya.

Wasu kuma sun rufe gaba ɗaya, kamar Kwalejin Storer a 1955 da Kwalejin Bishop ta Texas a 1988. Takardun makarantar da ta rufe kan koma hannun wata jami'a, ko ma'adanar jiha, ko cocin da ya kafa ta. A tambayi duka ukun.

Ina takardun suke

Manyan wuraren su ne Cibiyar Moorland-Spingarn a Jami'ar Howard, Cibiyar Schomburg a Harlem, Cibiyar Amistad a New Orleans, ɗakin karatu na Robert W. Woodruff da kwalejojin baƙaƙen fata na Atlanta ke tarayya a kansa, da sashen takardu na musamman na Jami'ar Fisk. Kada a ɗauka takardun mutum suna inda ya koyar: na Du Bois suna Jami'ar Massachusetts a Amherst, inda bai taɓa zama malami ba. Idan malamin ba shi da akwati da sunansa, a neme shi a akwatunan wasu, musamman wasiƙun shugaban kwaleji na zamaninsa. A can ake samun takardar ɗaukarsa aiki, albashinsa, da ƙorafinsa kan rashin kayan ɗakin gwaji. Takardun gidauniyoyin da suka ba da tallafin karatu, kamar Asusun Rosenwald, suna ɗauke da takardun neman tallafi inda malamin ya rubuta burinsa da hannunsa.

A rubuta wa ma'aikacin ma'adana aƙalla mako uku kafin zuwa, da cikakken suna, shekaru da sashe. Yawancin ma'adanan ƙananan kwalejoji mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da su, kuma akwatuna da yawa ba a jera abin da ke ciki ba.

A zamanin wariya, manyan jaridun fararen fata ba sa buga labarin malamin baƙar fata sai ya shiga rigima. Ƙarin girma, lacca, aure da rasuwa suna cikin jaridun baƙaƙen fata: Chicago Defender, Pittsburgh Courier, Afro-American ta Baltimore, Journal and Guide ta Norfolk, Atlanta Daily World, da mujallar Jet daga 1951. Wajen bincike a kwamfuta a gwada suna ta fuska uku ko huɗu. Da yawa sun yi amfani da harufan farko kawai, wasu da gangan, don kada bature ya kira su da sunan yanka cikin raini. Mata kuwa a neme su da sunan gida, da sunan aure, da kuma sunan miji kacokan, domin jarida kan rubuta matar da sunan mijinta ko da ita ce farfesa.

Kalmar “na farko”

Babu kalmar da ke jawo gyara kamar wannan. Ana cewa Allison Davis ne baƙar fata na farko da ya zama cikakken malami a jami'ar fararen fata, domin Jami'ar Chicago ta ɗauke shi a 1942, ta tabbatar masa da kujerar dindindin a 1947. Amma Charles Reason ya koyar a wata ƙaramar kwalejin fararen fata a jihar New York tun 1849. Abin da ya dace a ce game da Davis shi ne na farko da ya sami kujerar dindindin a babbar jami'ar fararen fata. Haka batun mace baƙar fata ta farko mai digirin digirgir: mata uku ne suka samu a 1921, Georgiana Simpson a Chicago, Sadie Mossell a Pennsylvania, da Eva Dykes a Radcliffe, kuma wadda ta riga kammala sharuɗɗa daban, wadda ta riga karɓar takarda daban. Idan za a ce na farko, a ƙayyade: a wane sashe, a wace makaranta, a wane muƙami, kuma wa ya tabbatar. Idan babu tabbaci a ce “yana cikin na farko”. Kuma kada a bar kalmar ta cinye mutumin. Edward Bouchet ya sami digirin digirgir a kimiyyar fiziks daga Yale a 1876, ana tunawa da shi a matsayin baƙar fata na farko da ya sami wannan digiri a Amurka. Shekara 26 da ya yi yana koyar da yara kimiyya a wata makarantar baƙaƙen fata a Philadelphia, saboda babu jami'ar da ta ɗauke shi, su ne rayuwarsa, kuma su ya kamata su ci yawancin shafin.

Abin da takardar hukuma ba ta faɗa

Muƙami ba ya auna malami. William Leo Hansberry ya fara koyar da tarihin tsofaffin daulolin Afirka a Howard a 1922, lokacin da manyan jami'o'i ke musun cewa Afirka tana da tarihi. Bai sami digirin digirgir ba, bai buga abu mai yawa ba yana raye, wasu abokan aikinsa ma sun yi shakkar abin da yake koyarwa. Wanda ya dogara da katalog kawai zai rubuta masa layi uku. Wanda ya bi ɗalibansa zai iske Nnamdi Azikiwe a cikinsu, ya kuma gane dalilin da Jami'ar Nsukka ta sa sunansa a cibiyarta ta nazarin Afirka. Don haka a yi ƙoƙarin tattara sunayen ɗaliban da malami ya tura gaba, a ƙirga waɗanda aka tabbatar, a faɗi adadin yadda yake ba tare da ƙari ba.

Haka kuma kalmar “ya ajiye aiki” tana buƙatar bincike, musamman tsakanin 1954 da ƙarshen shekarun 1960. Jo Ann Robinson, malamar Turanci a Kwalejin Jihar Alabama, ita ce ta kwana tana buga dubun-dubatar takardun kiran ƙaurace wa motocin bas na Montgomery a Disambar 1955. Ta bar kwalejin a 1960, shekarar da aka kori masanin tarihi Lawrence Reddick bisa matsin gwamnan jihar. A lokacin kwalejojin gwamnati suna cin abinci daga hannun majalisun jihohi masu goyon bayan wariya, shugabanninsu kuma suna tsakanin wuta biyu. Duk malamin da sunansa ya ɓace daga katalog a waɗannan shekaru, a duba jaridun watan da rahoton zaman hukumar gudanarwa kafin a rubuta cewa ya tafi don kansa.

Zubin rubutun

Sanarwar rasuwa kalma 300 zuwa 500 ta isa. Tarihi don mujallar tsofaffin ɗalibai ko ƙungiyar masana yakan kai 1,200 zuwa 2,000. A sakin layi na farko a sa cikakken suna, fanni, makaranta, ranar rasuwa da shekaru, da abu guda da ya sa ake tunawa da shi. A bayyana bincikensa da harshen da jikarsa za ta gane: wace tambaya ya yi, me ya gano. Jerin kwamitoci da lambobin yabo a zaɓi uku. A sa maganar ɗalibi ɗaya ko biyu yadda suka faɗe ta, bayan an karanta musu sun amince. Musabbabin rasuwa sai da yardar iyali. Iyali su duba sunaye da shekaru, amma a gaya musu tun farko cewa kora ko rigimar da ta shafi aikinsa za ta shiga idan takardu sun tabbatar da ita. Idan an ci karo da makin ɗalibai ko takardunsu a akwatin malamin, kada a buga: dokar Amurka ta 1974 ta kare sirrin bayanan ɗalibi.

Ajiya

Hotuna a ɗauke su da sikana a ma'aunin 600 dpi a tsarin TIFF, takardu a 300 zuwa 400. A rubuta sunayen mutanen da ke hoto yanzu, da fensir mai laushi a baya, tun akwai wanda ya gane su. A cire ƙusar takarda da roba, domin ƙusa tana tsatsa, roba tana narkewa ta manne. Kada a lulluɓe takarda da leda mai zafi, ba a iya warware ta. A zuba a fayil da akwati marasa asid, a nisanta su da ɗakin ƙasa mai danshi da saman rufi mai zafi. Kada a sake jera takardun malamin, yadda ya tsara su da kansa bayani ne. Fayilolin kwamfuta a yi kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini dabam.

Wajen miƙa wa ma'adana, a karanta takardar kyauta da kyau: wa ke da haƙƙin bugawa, me za a yi da abin da ba su so, kuma yaushe za a jera kayan a saka bayaninsu a intanet. Idan ma'adanar ta ce ba ta da ma'aikacin da zai jera su nan kusa, a miƙa kayan tare da jerin abin da ke cikin kowane akwati, fayil bayan fayil, da jadawalin shekarun da aka riga aka tabbatar, sannan a nemi su rubuta ranar da masu bincike za su fara ganin su.